Wurin da Aka Yanke a Muryar Kaka

Duk ranar Asabar, idan an tashi yaran makarantar da ke bayan kasuwar unguwarmu Nima, mu ne muke gaje ajinsu. Mukan ture bencina gefe, mu jawo wayar wuta daga shagon mai aski, kowa ya buɗe kwamfutarsa ko wayarsa. A cikinmu akwai tela, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai mai gyaran waya a kasuwar Circle, ga ni kuma malamin firamare a unguwar Kotobabi. Babu mai biyan mu, babu kuma abin da muke sayarwa. Abin da ya haɗa mu haushi ne. Idan ka nemi labarin Nima a intanet a wancan lokacin, babbar gota mai kwashe ruwan ƙazanta za ka fara gani, sai bola, sai labarin ɓarayi, kamar ba a taɓa haihuwar mutumin kirki a unguwar ba.

Sai muka ce mu ma za mu rubuta namu. Muna zuba bayanai a kundin ilimin nan da kowa ke iya karantawa kyauta, kowa kuma ke iya gyarawa. Muna zana lungunanmu a taswirar da ba ta kowa ba ce, har lungun da sai ka karkace kafaɗa kake wucewa. Daga baya shugabarmu ta kawo shawarar ɗaukar muryoyin tsofaffi kafin su ƙare. Haifaffiyar Nima ce, ta girme mu duka, tana aiki a wani ɗakin karatu, muna ce mata Sista. Ita ta tsara ƙa'idar aikin. Duk muryar da aka ɗauka, sai an koma an kunna wa mai ita ya ji da kunnensa, ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda a saka. Idan akwai abin da ba ya so, shi kaɗai ke da ikon cewa a cire. Da zarar an saka kuwa, ta zama ta duniya: kowa na iya saurare, ya kwafa, ya yi aiki da ita, ba a dawo da ita gida.

Ni ne mai bakin ƙungiyar. Idan baƙi sun zo, ni ake turawa gaba in yi bayani, kuma ina jin daɗin hakan fiye da kima. Akwai ranar da tela ya nemi a rage wani wuri a hirar kawunsa, inda tsohon ya ba da labarin zamansa a gidan yari. Na taso masa a gaban kowa. Na ce mu ba masu kwalliya ba ne, tarihi muke tarawa, wanda ke son hoda ya tafi shagon kitso. Aka yi dariya. Har yau idan na tuna yadda na ɗaga hannu ina wannan magana, sai kunya ta kama ni.

A lokacin ina neman aure a unguwar Maamobi. Yarinyar ma'aikaciyar banki ce, mai sauƙin kai, amma gidansu gidan malamai ne, irin waɗanda ke iya jero maka kakanninsu ɗaya bayan ɗaya har su kai ka Katsina. Mahaifinta ya rasu, maganar aurenta tana hannun baffanta. An kai gaisuwa, an karɓa, saura abin da suke kira bincike. Baffan ya fara aika mutane suna tambayar ko su wane ne mu, daga ina muka fito. Ban damu ba ko kaɗan. Gidanmu babba ne, ɗakuna a jere, 'yan haya cike, kakana ne ya gina shi, kuma ya rasu ina goye. Ban taɓa tambayar kowa da me ya gina shi ba. Gida ne, na tashi na gan shi.

Ni da kaina na ce a ɗauki muryar kakata. Ita ce ta fi kowa tsufa a layinmu, ga baki, ga Hausa mai kauri wadda mu 'yan Nima ba mu da irinta, don daga wani ƙauye kusa da Birnin Ƙonni aka kawo ta. Muka same ta da la'asar a tsakar gida tana yanka kuɓewa. Sista ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye na'urar ɗaukar murya a kan turmi.

Kaka ta dube ni ta ce, "Maigida, yau kuma kishiya ka kawo mini? Wannan ai ta fi ƙarfinka."

Haka take kirana tun ina yawo ba wando. Sista ta yi dariya, ta yi mata bayanin cewa duk abin da ta faɗa mutanen duniya za su ji. Kaka ta ce su ji mana, ai ba sata ta yi ba.

Ta ba da labari mai daɗi. Yadda suka taho a bayan motar albasa, ita da angonta, suka kwana a Kumasi a zauren wani mai masauki. Yadda ta fara ganin teku ta ce a mayar da ita gida. Yadda Nima take a da, da gonakin rogo da ciyawa, mata suna tafiya mai nisa neman ruwa. Ina zaune ina murmushi, ina lissafin irin yabon da za a yi wa wannan hira. Sai Sista ta yi tambayar da muke yi wa kowa.

"Kaka, Baba wane aiki ne ya yi da kuka zo?"

Kaka ba ta ko ɗaga kai daga kuɓewar ba. Ta ce, "Kashi ya ɗauka."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ita kuwa ta ci gaba, a natse, kamar tana bayanin yadda ake dama koko. Ta ce a zamanin masai na bokiti ne. Kowane gida akwai 'yar ƙofa ta baya a gindin bango. Ma'aikaci zai zo ya buɗe, ya jawo cikakken bokiti, ya tura wani, ya aza gammo ya ɗora a kai, ya kai inda mota ke jira. Ta ce da suka iso ba shi da jari, ba shi da ɗan'uwa, ba ya jin yaren kowa, wannan aikin ne kaɗai ba a tambayar ka ko kai ɗan wane ne. Idan damina ce bokitin yakan yi ambaliya ya bi ta wuyansa. Yara sukan bi su da waƙa da jifa. Ita kuma kullum tana dafa ruwa ta ajiye masa a bayan ɗaki, da baƙin sabulu da lemun tsami, ya yi ta dirzar jiki har fatar kafaɗarsa ta yi fari.

"Ba ya sa hannu a kwano da kowa," in ji ta. "Ba a hana shi ba, shi ne ya hana kansa. A masallaci ma sahun ƙarshe yake tsayawa, can bakin ƙofa. Da wannan kan nasa ya sayi filin nan. Ɗakin da kake kwana a ciki, maigida, shi ya fara ginawa."

Ban san sauran abin da aka faɗa a hirar ba. Idona yana kan ɗan jan hasken na'urar. Wata 'yar haya tana shanya a can gefe, na yi ta satar kallonta ko ta ji. Abin da ya fara zuwa zuciyata ba tausayin kakana ba ne. Fuskar baffan yarinyar nan ce ta zo mini, da farin gemunsa da carbinsa, sai kuma ɗalibaina na Kotobabi da sunan da za su laƙaba mini kafin mako ya zagayo.

Da na raka Sista, mun kai bakin gota kafin in iya buɗe baki. Ita murna take yi. Ta ce ba mu taɓa samun hira irin wannan ba, mutanen nan sun ɗauki dattin garin nan a kansu amma ko layi ɗaya ba a rubuta a kansu ba. Na bar ta ta gama, sannan na ce, da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba, ko za a iya rage wannan wurin kaɗan.

Ta tsaya ta dube ni. "Chale, abokina, kai ne ke faɗan wannan?"

Na ce ta san maganar aurena.

"Na sani. Amma muryan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Na Kaka ne. In shi ya ce a cire, za mu cire yau yau. In bai ce ba, ni ba na taɓa shi."

Haka Hausarmu ta Nima take, mace ma "shi" ce. Ba ta ƙara komai ba, ba ta ko ambaci tela ba. Da ta ambace shi da na samu abin yin faɗa a kai.

Ni ne mai tace muryoyin, fayil ɗin yana hannuna. Na yi tunanin in yanke wurin in yi shiru. Amma tsarin da na sha yabo a gaban baƙi shi ya ɗaure ni: komai namu a ma'ajiya ɗaya yake, duk wanda ya taɓa wani abu ana ganin sunansa da abin da ya canja. Na yi tunanin in gaya wa yarinyar gaskiya. Na je Maamobi da niyyar haka, muka zauna a barandarsu, sai ta riga ni da albishir. Ta ce mutanen baffa sun dawo, sun ce gidanmu gidan mutunci ne, kuma baffa ya ji labarin aikin muryoyin, ya ce zai zo ranar da za a kunna wa jama'a. Na ce madalla. Na sha ruwan da ta kawo mini na tashi.

Saura hanya ɗaya, ita ce wadda na fi ƙi. Da safe na sayi koko da ƙosai na shiga ɗakin Kaka. Tana kan darduma tana jan carbi. Na zauna a ƙasa, na tambayi ƙafarta, na tambayi maganinta, na yi maganar tsadar gawayi. Ta bar ni na yi ta kewaye-kewaye har kokon ya huce.

"Maigida, ba ka saba kawo mini ƙosai haka kawai ba. Faɗi."

Na ce hirar ta yi kyau ƙwarai. Na ce sai dai mutanen yanzu ba su da hankali, abu kaɗan sai su mayar da shi abin dariya, ba na so a riƙa wasa da sunan Baba. Wallahi haka na ce, wai sunan Baba nake karewa.

Ta ajiye carbin. "Saboda 'yar Maamobi ne?"

Na sunkuyar da kai.

Ina jin mai waakye, shinkafa da waken nan, a waje tana kankare tukunya. Da ta yi magana, babu faɗa a muryarta, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Shi ma bai so ku sani ba," ta ce. "Ya sa na yi masa alkawari kada ubanka ya ji, kada a zage shi a makaranta. Na riƙe. Ubanka ya rayu ya mutu bai sani ba. Waɗanda suka sani a unguwa sun yi mana kara har suka ƙare. Ni kaɗai na rage. Da na ji kana cika baki a tsakar gida, kana cewa za ku faɗi gaskiyar Nima duk ɗacinta, sai na ce to, ga wanda zai iya ɗauka ya zo. Na ce kafin in tafi a samu wani ya ce masa sannu."

Na so in ce a bar shi. Maganar ta zo har bakina. Ban faɗa ba, na tsaya ina kallon ƙosai.

"Kira yarinyar nan mai na'ura," ta ce. "A cire."

Ranar da Sista ta dawo, aka kunna hirar tun daga farko kamar yadda ƙa'ida ta ce. Kaka ta yi ta dariyar muryarta, tana cewa wace tsohuwa ce wannan mai surutu. Da aka zo wurin, ta daina dariya, ta saurara har ƙarshe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta matso kusa da na'urar ta ce ta yarda a saka komai, ban da maganar aikin mijinta.

Sista ta ce, "Kaka, wani ne ya ce ki cire?"

"Ba wanda ya sa ni. Tsufa ne, baki ya zarce."

Sista ba ta dube ni ba. Ta kashe na'urar, ta yi godiya, ta miƙo mini ita ta ce in tace. Da hannuna na yi. Na ja alama daga inda aka yi tambayar har zuwa inda Kaka ta fara maganar sayen fili, na danna, wurin ya ɓace. Na haɗa bakin biyu da kyau, har na bar ɗan numfashinta a tsakani don kada a ji tsalle. Aikin ya yi tsabta, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba.

Aka yi taron sauraro a filin makarantar, da yamma, an kafa rumfa an jera kujerun roba. Tsofaffin da muka ɗauka suna gaba, kowa ya ci ado. Tela yana can yana raba ruwa, hirar kawunsa an kunna ta da gidan yarin da komai, kawun kuma yana zaune yana gyaɗa kai, ba wanda ya mutu. Baffan yarinyar ya zo da mutum biyu, aka ba shi kujera a sahun farko, kusa da Kaka. Ni ne mai gabatarwa. Na yi jawabin da na saba, na ce ilimi na kowa ne, na ji kalmomin suna fita ba tare da ni ba.

Hirar Kaka ta fi kowace karɓuwa. An yi dariyar teku, an yi salati da aka ji sunayen wuraren da yanzu babu su. Ta wuce daga motar albasa zuwa sayen fili sumul, ba wanda ya lura. Na fara sakin numfashi. Sai aka ba jama'a dama su yi tambaya, mai gyaran waya yana ɗaukar taron duka da kyamara, don shi ma za a saka.

Baffan ya ɗaga hannu. Ba da mugunta ya yi ba, fuskarsa a sake take, hirar ta burge shi. Aka miƙa masa makirfo.

"Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kin ce kun zo ba ku da komai, ga shi har an gina gida irin wannan. Marigayi wace sana'a ya yi? Ya kamata yaran yanzu su ji."

Aka kai makirfon bakin Kaka. Ta juyo ta neme ni da ido har ta same ni a gefen rumfa. Ba harara ba ce. Dubawa ta yi kawai, kamar mai tambayar ko har yanzu haka nake so. Makirfo na biyu yana hannuna a kunne. Na kalli ƙasa.

"Fatauci ya yi," in ji Kaka.

"Na me, Hajiya?"

"Goro."

Baffan ya ce masha Allah, sana'ar manya, ai kakanninsa ma sun yi hulɗa da fataken goro. Aka tafa. Sista tana tsaye a bayan kujeru, na ga ta juya ta fita daga filin.

Da muka koma gida Kaka ta ce in kawo mata buta. Ta zauna a bakin rariya ta kurkure baki, ta zubar, ta sake kurkurewa. Ta yi alwala alhali ba lokacin salla ba ne, ta shiga ɗaki ta saki labule. Na tsaya a tsakar gida da butar a hannu ina jin tana istigfari.

An ɗaura auren. Matata mutuniyar kirki ce, kuma wani lokaci ina ganin da na gaya mata a barandar nan da ta ɗaga kafaɗa kawai ta ce to sai me. Ban sani ba, ban gwada ba. Kaka ta rayu har ta ɗauki 'yarmu ta fari, ta yi mata wasa, sannan ta rasu a ɗakinta bayan gajeriyar jinya. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Bayan taron da ɗan lokaci, wani sabon ɗan ƙungiya mai ƙwazo ya rubuta shafi a kundin ilimi kan mutanen da suka fara gina gidaje a Nima. Ya saurari bidiyon taron, ya sa sunan kakana, ya rubuta cewa bafataken goro ne daga ƙasar Nijar. Ya yi aikinsa daidai, yadda ni na koya musu: kada ka rubuta abin da ba ka da majiyarsa. An fassara shafin zuwa Turanci, wasu shafukan sun kwafa, na taɓa ganin maganar a takardar wani ɗalibin jami'a da ya zo neman ƙarin bayani a wurina. Asalin hirar kuwa an goge wancan wurin daga ma'ajiya, tun da mai muryar ta ce a cire, kuma ba ta nan balle ta sauya magana.

Tun da na yi wayo har ta koma ga Allah, ƙarya ɗaya na san kakata ta yi a bainar jama'a, kuma don ni ta yi ta. Ita ce yau duniya take karantawa a kan mijinta. A ƙarshen jimlar akwai 'yar lamba, idan ka danna sai ta kai ka bidiyon, ka ji ta da bakinta tana cewa goro.